Wuƙar Na'iya Ta Ƙi Fita

A wani gidan haya mai bene, wanda famfonsa sai ya yi tari kafin ya kawo ruwa, an yi wani mutum da kowa ya manta ainihin sunansa. Na'iya ake ce masa, domin ba a taɓa ambaton wani aiki a gabansa ya bari an kai ƙarshen magana ba. Ka ce rediyonka ta lalace, na iya. Ka ce haƙori ya hana ka barci, na iya. Wata rana ana hirar tuƙin jirgin sama a ƙofar gida, ya ce shi dai saukarwar ce kawai bai gama gogewa a kai ba.

Gadin rana yake yi a wata ma'ajiyar siminti. Da yake buhun siminti ba ya gudu, sai ya wuni a kan benci yana kallon bidiyon masu ƙere-ƙere a waya. A nan ya ga ana ƙera wuƙa, ya ce na iya. Ya samo tsohon sifirin mota, ya yi makonni yana goga shi da magagari a tsakar gida har haƙoran maƙwabta suka fara tsami. Abin da ya fito, ba a ce masa lauje ba, ba a ce masa cokali ba, amma yana da tsini kuma yana yanka. Ya yi mata ƙota da ƙafar karyayyar kujera, ya like da gam, ya ce duk duniya babu irinta. A wannan kam bai yi ƙarya ba.

Ana nan sai ɗan shagon da ke ƙofar gidan ya zama babu kowa. Baba mai gida, wani dattijo mai son doguwar riga da gajeriyar magana, ya ce zai ba wa ɗan hayan da ke da sana'ar da ido zai gani. Tela, wanda ya daɗe yana ɗinki a ƙuryar ɗakinsa, keke na gogar gado, shi ya fara nema. Na'iya na ji ya tare Baba a bakin ƙofa.

"Baba, tela a kowane lungu akwai shi. Ni kamfani zan buɗe. Wuƙaƙe na hannu, da kube na roba irin na zamani, wanda ake ɗaurawa a bel. Ka sa wuƙa ka ji ƙas, ka zare ka ji fiu."

Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ranar Asabar zan zo. Ka nuna mini ƙas ɗin da fiu ɗin."

Na'iya ya shiga ɗaki yana fito, ya tarar da matarsa tana ninke kayan wanki.

"Maman yara, daga wata mai zuwa Manaja za ki riƙa ce mini."

"Wa ya mutu?" in ji ta, ba ta ko ɗago ba.

Ya zauna ya nuna mata bidiyon. Wani mutum ne ya ɗauki fallen roba, ya gasa shi har ya yi laushi kamar tsumma, ya ninka shi a kan wuƙa, ya sa a tsakanin soso biyu ya danne da katako. Da robar ta huce, sai ga siffar wuƙar ta fito ras. Amma kafin duk wannan, mutumin ya tsaya yana nannaɗe ruwan wuƙar da salatif, yana wani dogon bayani. Na'iya ya sa yatsa ya tsallake wurin.

"Me ya ce a nan?" matar ta tambaya.

"Surutu ne. Tsoron kaifi yake ji. Mu da muka saba da ƙarfe ba ma buƙatar wannan."

"To ina za ka samu irin robarsa?"

"Roba ai roba ce," in ji Na'iya, idonsa na kan murfin shuɗin bokitinta.

Washegari tana fita kasuwa ya jona dutsen guga, ya kife murfin a ƙasa, ya ɗora dutsen a kai, ya tsaya yana jira da hannu a ƙugu. Murfin bai yi laushi kamar tsumma ba. Narkewa ya yi, ya rungume dutsen gugar kamar sun shekara ba su haɗu ba. Da matar ta dawo ta tarar da dutsen gugarta sanye da shuɗin takalmi.

"Baban yara, mene ne wannan?"

"Gwaji ne. Duk babban kamfani da gwaji yake farawa."

"Da dutsen gugar matar mai kamfanin yake farawa?"

Ya kankare abin da ya kankaru, ya goge rigar aikinsa don ya nuna mata dutsen lafiyarsa lau. Ranar ya tafi gadi da shuɗin tambarin dutsen guga a tsakiyar baya. Masu dakon siminti suka yi ta tambayarsa ko ƙarin girma aka yi masa.

Da ya dawo ya yanke shawarar cewa robar bokiti ta mata ce, ba ta da zuciya. Ana buƙatar roba namiji. Yana zagaya bayan banɗaki sai ya ga wani kakkauran bututu ruwan toka ya sauko daga bene yana bin bango. Ya ƙwanƙwasa shi, ya kara kunne.

"Babu kowa a ciki," ya ce.

Ya ɗauko zarto ya yanke kamar tsawon kamu ɗaya daga tsakiya, ya cusa a riga, ya shige ɗaki.

Abin da bai lissafa ba shi ne, bututun na wata ma'aikaciyar asibiti ce da ke zaune a sama, wadda kowa ke kira Nas. Ta dawo daga aiki ta wanke fararen kayanta, ta tuttular da ruwan kumfar. A daidai lokacin kuwa Tela ya fito da tabarma ƙarƙashin bangon, inda ake samun inuwa, yana sa wa rigar wani da ya kawo ɗinki maɓallai. Ruwan ya sauko masa tun daga tsakar ka har cikin aljihu.

Ihunsa ya fito da gida duka. Nas ta leƙo daga sama, mata suka fito da ludaya a hannu, Na'iya ma ya fito yana miƙa kamar wanda aka tasa daga barci.

"Kai, kai, kai," ya ce yana duban bangon. "Tsufa ke nan. Bututun ya gaji, ya karye da kansa."

Tela ya share kumfa daga ido ya ce, "Ya karye da kansa, har da bin layin zarto?"

"Robar yanzu haka take karyewa. Ba fanninka ba ne."

"To ina guntun da ya karye? Shi ma ya gaji ya tafi gida?"

Nas ta ce daga sama, "Malam Na'iya, garin roba ne fa a gemunka."

Na'iya ya shafa gemu ya ce furfura ce, kuma ba laifi ba ne mutum ya tsufa. Don ya kashe maganar sai ya ce zai gyara kyauta, ya iya. Ya ɗaure wurin da tsohon tiyub na keke da igiya, ya ce wa Nas ta riƙa zubar da ruwa a hankali, da ladabi.

Ranar Juma'a da hantsi ya shirya babban aiki. Ya tsaga bututun ya buɗe shi. Soso kuma bai yi nisa wajen nema ba: ya farke ƙasan kushin ɗin kujerar falo, ya yanko falle biyu, ya kife kushin ɗin yadda ba za a gani ba. Katako ya ciro daga ƙarƙashin gado. Saura abin dannewa. Mutumin bidiyon yana da wata na'ura mai ƙarfe da maƙata. Na'iya ba shi da ita, amma yana da Direba.

Direba maƙwabcinsa ne na ɗakin kusa, mai jan babbar mota, mutum ne da in ya zauna a benci sai na ɗaya gefen ya riƙe bango. Ranar yana hutu, yana zaune yana ɓare gyaɗa.

"Yayana," in ji Na'iya, "zama kawai za ka yi. In kamfani ya tsaya da ƙafarsa, kai ne shugaban sashen danna."

"Zama kawai?"

"Abin da ka fi iyawa."

Na'iya ya kunna risho a tsakar gida, ya riƙe robar da filaya a kan wuta. Nan bututun ya fara ba da labarin duk abin da ya bi ta cikinsa shekara da shekaru. Wani baƙin hayaƙi ya tashi, da wari irin wanda ba a samo masa suna ba tukuna. Kaji suka bar gidan. Wata tsohuwa a ɗakin ƙarshe ta fito tana tambayar wa ya ƙona akuya da gashinta. Tela ya rufe tagarsa yana cewa, "Kamfani ya fara fitar da kaya!"

"Hassada ce," Na'iya ya ce yana tari, hawaye na zuba. "Ƙamshin ci gaba ne."

Robar ta yi laushi, gefe ɗaya ma har ya fara kumfa. Ya jefa ta kan soso, ya kwantar da wuƙar tsirara a kai har da rabin ƙotar, ya ninke, ya rufa ɗaya soson. Cikin sauri ya manta da katakon sama.

"Zauna! Zauna maza!"

Direba ya zauna. Ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa. Can ya daina tauna.

"Na'iya, akwai abin da ke cizo na."

"Kimiyya ce. Kar ka motsa."

"Kimiyyar tana da haƙora?"

"Ɗan ɗumi ne. Ka yi tunanin wani abu mai sanyi."

"Na'iya, wallahi ina dahuwa!"

Ya yunƙura zai tashi, Na'iya ya haye kafaɗarsa ya danne shi yana roƙo, ya haɗa shi da girman maƙwabtaka da hakkin zama tare. Direba ya karkata hagu, ya karkata dama, yana kiran sunan uwarsa. Da abin ya kai masa ko'ina ya miƙe da Na'iya a wuya kamar buhu, ya yi bakin famfo a guje. Famfon ya tsaya tari. A bayan wandon Direba kuwa ga hoton wuƙa ya fito tsaf, har da tsini.

Nas ta ba shi man shafawa daga sama, a cikin leda da igiya, ta ce ita ba za ta sauko ta duba ba.

Amma abin mamaki, da robar ta huce sai ga kube. Ya ɗan lanƙwashe wajen da Direba ya karkata, gefe ɗaya ya yi baƙi, duk da haka ya kama jikin wuƙar ƙam, kamar tare aka haife su. Na'iya ya ɗaga shi sama ya zagaya tsakar gida.

Tela ya buɗe taga ya ce, "To zare mu gani."

"Ba a buɗe babban abu a gaban ƙananan mutane. Sai gobe, gaban Baba."

Da ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya ɗan ja ƙotar. Ba ta motsa ba. Ya ƙara ja. Shiru. Amma nan da nan ya gano dalili: sabon abu ne, yana buƙatar hutu. Ya ɗiga mata man girki ta baki, ya ce kafin gobe za ta saki jiki.

Sai maganar ɗaurawa a bel. Bai bar wurin zura bel ba, don haka ya ga mafi sauƙi shi ne ya haɗe su gaba ɗaya. Ya shimfiɗa wandonsa na fita kunya, bel ɗin na jiki, ya daidaita kuben a ƙugu, ya gasa ƙusa ya huda. Ya zura noti biyu ya ɗaure tam da sifana. Bai lura ba ƙusar ta ratsa kube, ta ratsa bel, ta ratsa wandon.

Matarsa ta shigo a gajiye ta zauna a kujerar falo. Kushin ɗin ya haɗiye ta har gwiwoyinta suka zo daidai haɓa. Daga cikin ramin ta dube shi. Da ya ga irin kallon, sai ya ji gara da faɗa ta yi.

Asabar da safe ya yi wanka, ya sa wandon, ya tura riga a ciki don kada ta rufe kaya. Ya fita ƙofar gida yana kai da kawo a gaban shagon, hannu ɗaya a kan ƙota, yana gaishe da mutanen da bai taɓa gaisarwa ba. Mai lemo da ke kasa kaya a gefe ya tambaye shi ko yaƙi ake yi. Direba na tsaye jikin bango, domin zama bai kama shi ba tukuna. Tela ya fito da riguna biyu a hannu da zai nuna wa Baba.

Can sai ga Baba a bayan babur ɗin haya, doguwar rigarsa na kaɗawa. Suna isowa ƙofar gidan, gefen rigar ya faɗa cikin sarƙar babur. Taya ta naɗe shi, babur ya tsaya cak, rigar ta fizgo Baba baya ta shaƙe masa wuya. Ya kwanta rigingine a kan sirdi, ƙafafu a sama, idanu waje, yana kakari.

"Wuƙa! A kawo wuƙa!" mai babur ya yi ihu. "A yanke rigar!"

Na'iya ya ji kamar an kira sunansa a rediyo.

"Ku ba da wuri! Ku matsa! Baba, kwantar da hankalinka, yanzu za ka ji fiu!"

Ya ware ƙafafu, ya kama ƙota, ya fizga. Wandon ya hau har ƙirji, wuƙa ba ta fito ba. Ya sake fizga da hannu biyu, ya yi juyi a wuri ɗaya kamar kare mai bin wutsiyarsa.

"Tana zuwa, Baba! Riƙe numfashinka!"

"Ai an riƙe masa!" in ji mai lemo.

"Direba, kama ƙotar! Kai mai babur, riƙe ni ta baya!"

Mai babur ya rungume shi ta ƙugu. Direba ya tofa yawu a hannu, ya kama ƙotar, ya tuna abin da aka yi masa jiya, ya ja da zuciya ɗaya. Aka ji ɓas! Gam ɗin da wuta ta riga ta cinye ya saki. Direba ya tafi da baya da ƙafar kujera a hannu, ya zauna daɓas cikin farantin lemo, daidai kan ƙunar jiya. Ƙarar da ya yi har bene. Lemo ya watse a titi.

"Ƙotar ce kawai!" Na'iya ya ce, gumi na keto masa. "Ana iya cire ta, haka tsarin yake! A ba ni filaya!"

Mai babur ya zaro filaya daga aljihu ya damƙi guntun ƙarfen da ya leƙo. Wasu samari biyu masu wucewa suka riƙe Na'iya ta hammata. Aka ce ɗaya, biyu, aka ja. Wannan karon an ji fiu, sai dai ba daga wuƙa ba. Bel ya tsinke, notin ya tafi da ƙugun wandon, ɗinkin ya farke tun daga sama har gwiwa. Mai babur ya tsaya riƙe da kube, da bel, da rabin wando na reto. Sauran rabin ya sauka a hankali ya kwanta a kan takalman Na'iya.

A cikin wannan hargitsi Tela ya riga ya zubar da rigunansa, ya zaro almakashi daga aljihu, ya keta rigar Baba daga wuya. Nas ta sauko a guje ta tallafe shi ta zaunar a dakali, tana yi masa fifita da kwali. Baba ya yi ta jan iska kamar mai zuƙar shayi mai zafi. Da idonsa ya washe, abin da ya fara gani shi ne Na'iya a tsakiyar titi, cikin gajeren wando mai zanen furanni, yana ƙoƙarin rufe gaba da baya da hannu biyu.

Baba ya laluba aljihu ya ciro mabuɗin shago, ya miƙa wa Tela. Sannan ya nuna Na'iya da yatsa, muryarsa a shaƙe.

"Kai kuma... bututuna. Kafin magariba."

Matar Na'iya ta ratso taron da zani a hannu, ta ɗaura masa a ƙugu ta ƙulle tam, kamar yadda ake yi wa yaron da ya fito wanka.

"Sannu, Manaja," ta ce.

Dariyar ba ta lafa ba sai ga wani ɗan sanda mai igiya biyu ya tsaya da kekensa, ya ga taro. Ya ce an gaya masa wani na yawo da makami a titi. Hannuwa suka nuna Na'iya. Mai babur ya miƙa kuben.

Kofur ya jujjuya shi. Ya ja guntun ƙarfen da yatsu, ya ja da filaya, ya taka kuben da takalmi ya ja, ya buga shi a jikin sandar lantarki. Ya sunsuna, ya yamutsa fuska, ya miƙa wa Na'iya abinsa.

"Ku watse. Wannan ba makami ba ne."

Na'iya, wanda ya jure dariya, ya jure zani, ya jure rasa shago, sai ga shi wannan maganar ta gagare shi jurewa.

"Yallaɓai, me ka ce?"

"Na ce ba makami ba ne. Guntun bututu ne. Je ka gida."

"Bututu? Ƙarfen sifirin mota ne a ciki! Da hannuna na wasa shi! Wannan in ta fito, bijimin sa take kayarwa!"

"To in ta fito ka neme ni."

"Wallahi makami ne, Yallaɓai! Mai hatsari ma! Ka kama ni!"

"Ba zan kama ka ba."

"Doka ta ce ka kama ni! Ku shaida, jama'a, ina ɗauke da makami a bainar jama'a!"

Kofur ya hau kekensa ya fara taka feda. Na'iya ya tattare zani da hannu ɗaya, ya ɗaga kuben da ɗayan, bel da rabin wando na jan ƙasa, ya bi shi da sassarfa yana tsallake lemo.

"Yallaɓai, tsaya! Ko a rubuce ne ka sa cewa wuƙa ce!"

Har suka sha kwana ana jiyo muryarsa.